Mai ƙwai ɗaruruwa da mai ɗa guda: malam-buɗe-littafi da dage a yammacin Zamfara

Uwargida, duk ranar da kika samu ɗan sarari a ƙarshen damina, ki leƙa bayan gida ko bakin hanya inda tumfafiya ta tsiro da kanta, ba mai shuka ta, ba mai ba ta ruwa. Ki sa tsinke ki juya ganye ɗaya ki dubi bayansa. Na ce tsinke ne saboda farin ruwan nan nata dafi ne, in ya shiga ido yana yi masa lahani. In kin yi sa'a za ki tarar da wata tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya, da siraran ƙahonni guda shida, tana ta gaigayar ganyen da ko akuya ba ta cika kula shi ba.

Kada ki murtsuke ta. Nan da 'yan kwanaki za ta rataye kanta da kai ƙasa, ta rikiɗe ta zama ɗan ƙulli kore ko mai ruwan hoda, da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa zinariya. Bayan kamar mako guda ƙullin zai tsage, malam-buɗe-littafi ya fito, mai ruwan goro, baƙin gefe da ɗigon fari. Irin wanda muke da shi a nan Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, da haka ake gane shi. Dafin tumfafiyar da ya ci tun yana tsutsa yana nan a jikinsa, shi ya sa za ki gan shi yana tafiya a sama cikin ƙasaita, ba gudu ba gaggawa. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi sau ɗaya ba ya marmarin ƙarawa.

Wannan kin san shi, yaranki sun sha bin sa da gudu. Ɗayan da zan haɗa shi da shi kuwa, da wuya in kin taɓa ganinsa. Ni ma sai a bidiyo na gan shi. Sunansa dage.

Dage gajere ne, mai faɗin baya, mai gajerun ƙafafu da dogayen farata na haƙa. Cikinsa da ƙafafunsa baƙi wuluk, amma daga tsakar kansa har zuwa wutsiya fari ne mai toka-toka, sai ka ce an yafa masa mayafi. Namiji yakan kai kilo 9 zuwa 16, macen ba ta kai shi ba. Ɗan'uwan bodari ne, kuma kamar bodari yana da wani wari da yake saki in an matsa masa. Ana samun sa a yawancin Afirka, da ƙasashen Larabawa, har Indiya. A Najeriya yana cikin namun da aka lissafa a gandun dajin Kainji, kuma irin dajin da ke kudancin Anka da Bukkuyum, mai itatuwa jefi-jefi da duwatsu da ramuka, shi ne irin mazaunin da yake so. Kasancewar Bahaushe ya raɗa masa suna ma shaida ce cewa kakanninmu sun san shi sarai, musamman mafarauta da masu ɗibar zuma.

To me ya haɗa ƙwaro da naman daji? A jiki babu. Abin da ya sa na jera su shi ne, su biyun suna kan hanyar raguwa a hannun mutane, amma hanyar da za a bi a tsare ɗaya ba ita ce ta ɗayan ba. Dalilin kuwa yana wurin da ke, uwa, kika fi kowa fahimta: haihuwa da raino.

Wadda ba ta taɓa ganin 'ya'yanta ba

Macen malam-buɗe-littafi ba ta raino. Tana zuba ƙwai ɗaruruwa a ɗan gajeren zamanta, wanda galibi bai wuce makonni biyu zuwa huɗu ba bayan ta yi fiffike, ta mutu ba ta ga ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ya girma ba. Gatan da take yi musu guda ɗaya ne tak, amma babba ne: tana zaɓar ganyen da za ta ɗora ƙwan a kai. Da ƙafafunta take ɗanɗano. Takan sauka a kan ganye ta ɗan bubbuga shi, in ba shi ba ne ta ƙara gaba.

Ba son iyawa ne ke sa ta wannan zaɓe ba. Tsutsar kowane iri tana da abincinta, in ba shi ba sai ta mutu da yunwa ko da tana tsakiyar lambu. Mai ruwan goron nan, tumfafiya da danginta. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya da ke zagaya bishiyar lemun tsami, ganyen lemu. Fari-fari ko rawaya-rawaya da ke taruwa a kan laka bayan ruwan sama, tafasa da rai-ɗore, tafasar nan dai da kike kwaɗo da ita. Wasu fararen masu baƙin gefe, anza. Taruwar da suke yi a laka ma ba ƙishirwa kaɗai ba ce, gishiri suke tsotsa, kuma yawanci mazan ne.

Daga ƙwai zuwa tsutsa, zuwa ƙulli, zuwa mai fiffike, a zafin ƙasarmu duka bai cika wuce wata guda ba. Kenan a damina ɗaya ana iya samun kaka da jika da tattaɓa-kunne. Yawancin ƙwan ba sa kai labari. Tururuwa ta ci, ƙadangare ya ci, tsuntsu ya kai wa 'ya'yansa. Amma yawan ya isa a ci a rage. Wannan ita ce dabarar rayuwarsa: a yi da yawa, a yi da sauri.

Wadda ke goyon ɗa guda fiye da shekara

Dage kuwa akasin haka ne. Binciken da aka fi dogara da shi a kansa shi ne wanda wasu ma'aurata, Colleen Begg da Keith Begg, suka yi a hamadar Kalahari, kan iyakar Afirka ta Kudu da Botswana, daga 1996 zuwa 1999. Sun bi dage dare da rana na shekaru. Abin da suka gani shi ne mace tana haihuwar ɗa guda, tsirara, ido a rufe, a cikin rami. Uban ba ruwansa. Kusan wata uku ɗan yana cikin rami, uwar tana ɗaukar sa a baki tana sauya masa rami duk bayan 'yan kwanaki don kada maƙiyi ya gane wurin. In ya fara fita kuma ba ta sake shi. Yana manne da ita har wata 12 zuwa 16.

Me yake yi duk tsawon wannan lokaci? Koyo. Ba a haifar dage da iya haƙo ɓera daga rami, ko hawa bishiya, ko kama maciji ta ƙeya. A wajen uwa yake gani. Duk da wannan ɗawainiya, fiye da ɗaya cikin uku na 'ya'yan ba sa kaiwa ranar rabuwa da uwa.

Ki lissafa da kanki. A lokacin da macen dage take fama da ɗa ɗaya, zuri'ar malam-buɗe-littafin da ke bayan gidanki ta juya fiye da sau goma. In tarko ya kama macen dage mai shayarwa, rai biyu aka kashe, kuma gurbin da ta bari zai daɗe bai cike ba.

Ga kuma maganar fili. A can Kalahari an auna yankin da namiji ɗaya ke yawo a ciki ya kai kimanin murabba'in kilomita 500, wato fili mai tsawon kilomita 22 da faɗin 22. Na mace ya haura 100. Can hamada ce, abinci a warwatse yake, a ƙasa mai albarka filin bai kai haka ba. Amma ko ya ya ne, dage ba dabbar ƙaramin kurmi ba ce. Tsutsar malam-buɗe-littafi kuwa tana iya gama duk ƙuruciyarta a kan tumfafiya guda.

Kada ƙarfin halinsa ya ruɗe ki. Gaskiya ne fatarsa kauri gare ta, a wuya takan kai milimita shida, kuma sakwaf take a jikinsa, ta yadda in kare ya cafke shi ta baya sai ya juyo a cikin fatar ya ciji karen. Gaskiya ne jikinsa na jure dafin macizai irin su kumurci fiye da na yawancin dabbobi, yana cin su, yana cin kunama, yana fasa gidan zuma ya cinye saƙar da 'ya'yan da ke ciki ana harbinsa yana ci. Sunansa ma ya yi kama da dagewa, ko da dai kamar sauti ce kawai nake faɗa. Sai dai duk wannan jarumta an yi ta ne don maciji da kura da damisa. Ba ta maganin guba, ba ta maganin tarkon ƙarfe.

Baƙon da ya tafi da ƙurar sabara

Kafin in zo kan barazana, bari in ba ki wani labari da ya sa na daina raina wannan ƙwaro.

A watan Oktoban 2013, wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Sifen, Gerard Talavera, yana tafiya a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, sai ya ga wasu malam-buɗe-littafi a kan yashi, fukafukai duk sun yayyage, sun gaji liƙis. Irin da masana ke kira Vanessa cardui ne, kuma ba a san su da zama a wannan yanki ba. Daga ina? Shekara goma aka yi ana bin diddigi, sai a 2024 aka fitar da sakamako. Cikin hujjojin har da ƙurar fure da ta maƙale a jikinsu. Da aka bincika, sai ga ƙurar furen sabara da ta kurna.

Sabarar nan dai da ake dafa wa mai jego, da kurnar da yara ke jifa. Su biyun suna fure a ƙarshen damina a yankinmu na Sahel. Ma'ana waɗannan 'yan ƙwari sun sha ruwan fure a Afirka ta Yamma, iska ta taimaka musu suka haye tekun Atlantika, tafiyar aƙalla kilomita 4,200, cikin kwana biyar zuwa takwas ba sauka. Dama irin nasu matafiya ne: duk kaka suna tsallako Sahara daga Turai su yi ƙwai a wannan sashe namu, jikokinsu su koma arewa.

Saboda haka sabarar da ke gefen gona a Gummi ba ciyawar banza ba ce. Zango ce ta fatake.

"Muna ta kanmu, wa ke ta ƙwaro?"

Na san wata za ta faɗi haka, kuma ba zan ga laifinta ba. Uwar da ta kwana da fargabar 'yan bindiga, ko ta baro ƙauyensu ta dawo cikin garin Anka da yara a hannu, ko ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta rushe mata ɗaki, ba ta da lokacin tausayin dage. Dazuzzukan da ya kamata a ce ma'aikatan gandun daji na kula da su sun zama wurin da ba a shiga. Gandun Kuyambana da ke ƙaramar hukumar Maru, wanda aka keɓe don namun daji, yau in an ambace shi ba namun daji ne ke zuwa wa mutum a rai ba.

Amma akwai abin da ya faru a wannan yanki da ya sa nake ganin lura da ƙananan halittu ba aikin marasa aikin yi ba ne.

A farkon 2010, agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu, agwagwa ce. Sai daga baya, da jami'an hukumar CDC ta Amurka suka zo bincike, mazauna suka ba su wannan labari. A tsakanin nan yara sun fara suma, suna jijjiga, suna mutuwa. A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar MSF suka ankara da yawan sababbin kaburburan yara. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, inda agwagi ke kiwo. A ƙauyukan 'Yargalma da Dareta, binciken ya nuna ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400. Allah Ya jiƙansu. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauye bayan ƙauye, Bagega ma sai a 2013 aka kai gare ta.

Agwagwa ta riga yaro mutuwa ne saboda ta fi shi ƙanƙanta, kuma bakinta kullum a ƙasa yake. Dalma daban, maganin feshi daban, ban ce ɗaya ba ne. Amma darasin lura ɗaya ne: abin da ya fi mu rauni shi ke fara nuna alama. Idan fadamar da kika saba gani cike da malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma ta yi tsit shekara biyu a jere alhali an yi ruwa, ya kamata a tambayi me ake zubawa a wurin, domin daga nan ake yanko alayyahun miyarki.

Feshi

Babban abin da ke kashe malam-buɗe-littafi a gonakinmu biyu ne, kuma dukansu a jarka suke zuwa. Maganin ƙwari yana kashe shi kai tsaye. Maganin ciyawa kuwa yana kashe abincin 'ya'yansa: tafasa, rai-ɗore, duk wani tsiro na gefen gona da a da fartanya ke tsallakewa.

Ba zan ce miki kowace tsutsa abokiya ba ce. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, da sharon da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a wannan shekarar, duk 'ya'yan faɗa-wuta ne, dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare. Manomin da ya ga gonarsa na tafiya dole ya nemi magani. Matsalar ita ce yadda ake yi: a haɗa kala biyu ko uku, a ninka awo, a fesa da tsakar rana lokacin da furanni suke a buɗe ƙwari na kai, a wanke tankin a bakin rafi, sannan jarkar ta dawo gida a zuba mata man gyaɗa ko ruwan sha. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, kuma a hannunki yake. Jarkar maganin feshi ba ta wankuwa. A huda ta yadda ba za ta sake amfani ba, a binne ta nesa da rijiya.

Haka fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki, ko a zuba wa wake don kada ya yi ƙwari. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani, irin su Sniper, a kasuwanni da shaguna, saboda na gona ne ba na ɗaki ba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa tam yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba.

In maigida ko ɗanki ne ke feshi, abin da za ki roƙa ba mai yawa ba ne: ya yi da yamma in ƙwari sun lafa, ya kauce wa lokacin iska, ya bar gefen gona taku biyu ko uku ba feshi. Wannan ɗan zirin shi ne gidan malam-buɗe-littafi, kuma shi ne na ƙudan zuma, waɗanda su ne manyan masu ɗaukar ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan. Malam-buɗe-littafi na taimakawa, amma gaskiya bai kai zuma ba. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan aiki, amma kabewa da kankana sai da ƙwari, kuma kaɗanya ma ta fi 'ya'ya inda zuma take. Ɗorawa kuwa, ki sha mamaki, jemage ne babban mai yi mata.

Sai ƙonen daji da rani don farautar gafiya. Wutar tana cinye ƙulle-ƙullen da ke jiran damina a jikin ciyawa, tana kuma korar duk abin da dage zai ci.

Abin farin ciki game da mai fiffike shi ne yana saurin yafiya. A bar masa tsironsa, a rage feshi, damina ɗaya ko biyu sai ki ga ya dawo, tunda yana zuwa daga maƙwabta. Amma sai an san abin da yake buƙata. A Ingila wani shuɗin iri ya ƙare ƙaf a 1979 duk da ana ta killace wurarensa. Ashe tsutsarsa a gidan wata irin jar tururuwa take girma, ita kuma tururuwar sai inda dabbobi suka kiwace ciyawa ta zama gajera, rana na dukan ƙasa. Da kiwo ya ragu ciyawa ta yi tsawo, tururuwa ta ɓace, shi ma ya bi ta. Sai da aka dawo da kiwo, aka ɗauko irinsa daga Suwidin a shekarun 1980, sannan ya zauna. Shinge kaɗai bai tsare shi ba.

Akurki da amya

Dage ba ya yafiya da sauri haka, kuma rigimarsa da mutane a wuri biyu take: kaji da zuma. In ya shiga akurki ɓarna yake yi ba kaɗan ba. In ya samu amya kuma sai ya farfasa ta. Wanda aka yi wa haka ransa zai ɓaci, abin da ya fi sauƙi kuma shi ne ya sa shinkafar ɓera ko maganin feshi a cikin mushe ya ajiye.

Mushen guba ba ya zaɓe. Karen gida zai ci, muzuru zai ci, shaho zai ci, kazar da za a yanka gobe za ta tsattsagi abin da ya zube. Ki tuna ungulu. Waɗanda suka girma kafin shekarun 2000 sun san ba mahautar da za ka je ba ka gan su jere a kan katanga ba. Yau yaro na iya gama firamare bai taɓa ganin ungulu ba. Guba da farautar sassan jikinta don magani suka cinye ta, har a 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ta a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Irin lissafin dage ne. Shi a jerin na duniya har yanzu ba a sa shi cikin masu haɗari ba, saboda faɗin ƙasashen da yake ciki, amma an rubuta cewa yawansa raguwa yake. Dabba na iya ƙarewa a ƙaramar hukuma guda ba tare da lissafin duniya ya motsa ba.

Masu kiwon zuma a Afirka ta Kudu sun daɗe suna kashe shi da tarko, sai a farkon shekarun 2000 aka koma wata dabara mai arha: a ɗaga gidan zuman a kan ƙarfe sama da mita ɗaya, a ɗaure shi tam. Ɓarna ta ragu sosai, har aka riƙa manna wa kwalbar zuma alamar cewa ba a kashe dage don ita ba. Mu da ke rataye amya a bishiya mun riga mun yi rabin aikin. Saura a tuna yana hawa: a naɗe gindin bishiyar da kwanon rufi mai santsi, ko a rataye amyar da waya a reshe nesa da gangar jikin bishiyar. Akurki kuwa ta ƙasa yake shigowa, don haka a daɓe ƙasan da dutse ko a binne ragar waya a kewaye, a kuma rufe ƙofa da abin da ba ya turuwa tun magariba.

Ki ja wa yara kunne: in sun gan shi, ko wani naman daji, su ba shi hanya, kada su bi shi da jifa ko su zura hannu a rami. Wanda ya fito da rana tsaka yana tangaɗi ko yana tunkarar mutane ba tsoro, ana zargin ciwon haukan kare. In ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

In akwai tsohon mafarauci ko mai ɗibar zuma a danginku, a Nasarawar Burkullu ne ko Gwashi ko Waramu, ki tura yara su tambaye shi yaushe rabon da ya ga dage, a wane daji, kuma me suke kiran kowane irin malam-buɗe-littafi a bakinsu. Ki sa su rubuta a bayan littafin makaranta da kwanan wata. Ina son jin amsar, musamman sunayen, domin na lura kowane gari da nasa.

Na gida kuwa, ga wanda za ki yi da su a wannan makon. Ki bar ta tumfafiya a inda take saboda dafin. Ki duba bishiyar lemun tsami, za ki ga wani abu kamar kashin tsuntsu a kan sabon ganye. Tsutsa ce ƙarama, shigar burtu ta yi. In ta girma sai ta koma koriya shar, in an taɓa ta ta fiddo wasu ƙahonni biyu masu wari. In bishiyar ƙarama ce kuma sun yi mata yawa, a tsince su da hannu, ba sai an yi feshi ba. Ki ɗauki ɗaya ki sa a roba mai faɗin baki, ki rufe da yankin tsohon gidan sauro wanda ba mai magani ba, ki jingina ɗan tsinke a ciki. Kullum yara su sa mata sabon ganyen lemu su zubar da kashin, a ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kaiwa. Ranar da ta daina ci ta ɗaure kanta a tsinken, a ƙyale ta, kada a girgiza. Bayan kwana goma zuwa mako biyu, galibi da safe, zai fito da fukafukai a jiƙe a cukurkuɗe. A hana yara taɓawa, garin da ke gogewa a yatsa ba ya sake tsirowa. A ba shi awa ɗaya ko biyu ya bushe, sannan ƙaramin cikinsu ya buɗe murfin a tsakar gida.